Wace fitila ta dace da tankin kifin zinari a zafin Sakkwato?

Sani_Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda sunka san harkar kifin ado. Tankin gilashi ne, tsawo santimita 90, faɗi 40, tsayi 45, da kifin zinari huɗu: biyu dogaye jajaye, ɗaya mai wutsiya kamar mafici, ɗaya baƙi mai ƙwala-ƙwalan idanu. Fitilar da anka haɗo da tankin irin mai sauya launi ce, ja, shuɗi, kore, kuma ba a kashe ta sai in an ɗauke wuta. Da haskenta bai isa ba, an ƙara ƙwan lantarki mai wat 60 cikin murfi. Tankin yana gindin tagar yamma. Mako biyu ke nan ruwan ya koma kore shar, kuma da asuba kifayen na taruwa a sama suna buɗe baki. Wace fitila zan saya, wat nawa, kuma awa nawa za ta yi a kunne?

Injiniya_Bashar:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kafin a zo kan saye, cire ƙwan nan mai wat 60 yau ɗin nan. Irin wanda siririyar waya ke ja a cikinsa, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. Ga lissafi: 90 sau 40 sau 45, a raba da 1000, lita 162. Tunda ba a cika tanki baki kuma akwai tsakuwa, ɗauka ruwan lita 145 ne. Kafin wannan ruwa ya hau digiri ɗaya sai ya sha wat-awa kusan 170 (wat-awa ɗaya shi ne wat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Ƙwanka a awa 10 yana zubar da 600, ga shi a rufe cikin murfi. Ko rabi ne ya shiga ruwan, an ƙara kusan digiri biyu a kan zafin da ɗaki ya riga ya ba shi. A Afrilun garin nan da rana ke wuce digiri 40, digiri biyu ba abin rainawa ba ne. LED mai wat 15 kuwa, a awa 8 duka-duka 120 take ci, ko digiri guda ba ta kai ba.

Malama_Rabi:
Buɗe bakin da suke yi da asuba ya fi koren ruwan tayar da hankali. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9 a kowace lita, mai digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Ga shi jikin kifi ya fi buƙatar iskar a lokacin zafi. Kifin zinari ya fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24, yana jure sama da haka amma da wahala. Sannan koren nan ba datti ba ne, ƙananan gansakuka ne masu yawo cikin ruwa. Idan rana ta haske su suna ba da iska, dare na yi sai su koma shaƙa tare da kifin. Fitilar ado mai launuka ba ta da ƙarfin da zai hana haka, balle in an ɗauke wuta matatar ruwa ma ta tsaya. Shi ya sa daf da asuba iskar ke kaiwa ƙasa. Sa famfon iska da dutsen kumfa daren yau, in da hali mai batir, kuma ka rataya ma'aunin zafi a cikin ruwan ka duba da asuba da kuma bayan La'asar.

DanGulbi:
Tagar yamma ita ce uwar matsalar. Daga Azahar zuwa faɗuwar rana hasken da ke shigowa ya ninka na kowace fitilar tanki sau da yawa. Ko ka sauya masa bango, ko ka liƙa kwali a gefen da ke kallon tagar. In za ka matsar da shi kwashe ruwan tukuna, ba a ɗaga tanki da ruwa ciki, haɗin gilashin ne ke buɗewa.

Malam_Ummaru:
Ku yi haƙuri ɗiyana, amma kada a maishe rana abokiyar gaba. Wanga kifi a ƙasar Sin anka hwara kiwo nai fiye da shekara 1000, cikin kududduhi da manyan tukwane, ƙarƙashin rana, ba hitila. Har yau masu kiwo a Sin da Japan da gangan suke barin ruwa shi yi kore, don ƙananan kifi na cin shi kuma launi na ƙara hitowa. Wanda duk anka aje cikin duhu kodewa shi kai. Ranar sahe ta awa ɗaya ko biyu alheri ce gare shi. Abin da ba shi da kyau shi na ranar marece ta gilashi, cikin ɗan ruwan da ba shi da zurhin da kifi ka ɓuya.

Malama_Rabi:
Gaskiyarka Baba, a kududdufi mai faɗin baki da zurfi haka ne. Amma masu barin ruwa kore suna tsarma shi da sabon ruwa kullum ya tsaya kamar ruwan shayi mara kauri, kuma fuskar ruwansu a buɗe take. Na Malam Sani yana da murfi, lita 145, da kifi huɗu masu yawan kashi. Dogayen nan biyu ma za su iya kai santimita 20 zuwa 30, watarana sai an raba su.

Sani_Mabera:
Na gode. An cire ƙwan, an kuma liƙa kwali. Saura fitilar: mi zan ce ma mai shago?

Nura_KifinAdo:
Lambobi biyu za ka duba a jikin kwalin, ka bar wat tukuna. Ta farko mai harafin K a ƙarshe, wato kelbin, ita ke faɗin launin hasken. 2700K zuwa 3000K rawaya ne kamar na aci-balbal, yana sa ruwa ya yi kamar ya tsufa kuma farin kifi ya yi ɗorawa. 6500K fari ne irin na tsakar rana, shi kake so, ko wani abu tsakanin 5000 da 7000. Daga 10000K zuwa sama shuɗi ne, na tankin ruwan teku, jan kifin zinari dushewa yake yi a ƙarƙashinsa.

Ta biyu lumen, wato yawan hasken. Tankin da ba tsiro, ko mai tsiron da ba ya son haske da yawa, lumen 10 zuwa 20 a kowace lita ya isa. A naka 1450 zuwa 2900 ke nan. LED ta kirki tana ba da lumen 80 zuwa 100 a kowane wat, to ka ga wat 15 zuwa 20 ya wadatar. Ni sai in ce ka tsaya a ƙasa-ƙasan lissafin saboda baƙin nan mai manyan idanu. Irinsa ganinsu ba shi da ƙarfi, kuma idon a waje yake, in ya firgita ya buga dutse ko bututun matata nan da nan yake jin ciwo. Kuma ka nemi doguwa wadda ta kai santimita 80 zuwa 90, don hasken ya bazu, kada tsakiya ta yi ƙal gefuna su yi duhu.

Zainab_GawonNama:
Don Allah Yaya Nura, shuɗiyar nan mara ƙarfi da ake cewa ta dare ce, ana iya barinta har safe? Yara suna son ganinta.

Nura_KifinAdo:
Awa ɗaya bayan an kashe farar ba laifi. Har safe kam a'a.

Malama_Rabi:
Ƙarin bayani ga Zainab. Kifin zinari ba shi da fatar ido, ba zai iya runtsawa ba. Barcinsa shi ne ya sauka kusa da ƙasa ya tsaya cik, launinsa ya ɗan dushe, kuma duhu ne ke kai shi ga haka. Abin da ke gare mu ɗan haske, shi ba ƙarami ba ne, domin idonsa yana rarrabe launuka har da wanda ke bayan shuɗi da mu ba ma gani. Yana son aƙalla awa 8 na duhu sosai. Gansakuka ma shuɗin haske abinci ne gare ta. Ita kuwa mai walƙiya tana sauya launi, a kashe wannan saitin gaba ɗaya. Wani abu kuma, kada a kunna fitilar tanki farat ɗaya a ɗaki mai duhu. A fara da ta ɗaki, bayan minti 10 ko 15 a kunna ta tanki, haka ma wajen kashewa ta tanki ce farko.

Injiniya_Bashar:
Kan lissafin Nura zan sa sharaɗi: ba duk abin da aka rubuta a kwali ne ke ciki ba. Akwai mai ɗauke da wat 30 da ba ta cin 12. In mai shago yana da mitar soket a gwada a gabanka, in babu, kunna ta tare da wata ka haska bango ka kwatanta. Sai lambar IP. IP65 tana jure feshin ruwa, IP67 tana jure faɗawa ruwa na ɗan lokaci, IP68 ce ake nutsarwa. Wadda ba ta da ko ɗaya, tururin da ke taruwa a ƙarƙashin murfi zai cinye haɗinta da tsatsa cikin watanni. Ka fi son wadda ke da adafta a waje, bolt 12 ko 24 ne kawai ke zuwa saman ruwa, ba 230 ba. Wayar kuma ka bar ta ta sauko ƙasa da soket sannan ta hau, ta yi lanƙwasa kamar ƙugiya, don ɗigon da ya biyo ta ya zuba ƙasa. Kafin hannu ya shiga ruwa a zare komai daga soket, kullum. Abin da ya fi kashe waɗannan fitilu a nan ba ƙwayoyin LED ba ne, adafta ce, lokacin da wuta ta dawo da ƙarfi. A bi da ita ta na'urar kariya irin ta firji mai jinkirta kunnawa.

Aliyu_Sola:
Wanda ke da sola ko batir a gida zai iya haɗa tasa da tsirin LED na bolt 12. Nemi fari 6500K mai lamba 5050, ƙwaya 60 a mita, yana cin wat 14.4 a kowace mita, wato amfiya 1.2. Yanka biyu masu santimita 80 kowanne, a daidai alamar almakashi kawai, tana nan bayan kowace ƙwaya uku. Jimla mita 1.6, kusan wat 23, amfiya 2 ba kaɗan. In adafta ce a sayi mai amfiya 3, kada ta riƙa aiki a ƙarshen ƙarfinta. A liƙa tsirin a jikin kwararon alminiyon, ba katako ko roba ba, alminiyon ne ke janye zafin. Gam ɗin bayansa ba ya jure bazararmu, a ƙara ɗaure shi, a toshe wuraren haɗi da silikon. In kai tsaye daga batir ne, a sa fis mai amfiya 3 kusa da batirin, da abin daidaita bolt, domin lokacin caji batir yana kai bolt 14.4, tsirin zai yi zafi ya dushe da wuri. Awa 8 za ta ci wat-awa 184, kusan amfiya-awa 15 daga batir. Riba babba ita ce ɗauke wuta ba ta rikita wa kifi dare da rana.

Injiniya_Bashar:
Haɗin Aliyu daidai ne, sai dai wat 23 ya ɗan yi wa tankin da ba tsiro yawa, a sa abin rage haske ko a fara da tsiri ɗaya. Kuma mai rufin roba mai laushi rawaya yake komawa da zafi. Ni na fi yarda da ƙananan fitilun haskaka tsakar gida guda biyu, wat 10 kowace, IP65, a rataye su santimita 25 zuwa 30 sama da ruwa. Zafinsu yana tafiya iska, kuma ba sai an yi walda ba.

Aliyu_Sola:
Amma su 230 suke ci kai tsaye, Injiniya, abin da ka gama gargaɗi a kai. Sai an ɗaure su ɗaurin da ba za su faɗo ba, kuma akwai gilashi tsakaninsu da ruwa. Sannan hasken yana tsere wa tanki ya cika ɗaki, mai zaune a kujera yana sha a ido.

Nura_KifinAdo:
Maganar awa da Malam Sani ya tambaya tun farko. Awa 8 ne ma'auni, ana iya kai 10 in akwai tsiro, ana sauka 6 in gansakuka ta yi yawa. Abin da ya fi tsawon muhimmanci shi ne lokaci ɗaya kullum. Agogon soket mai ƙananan haƙora na minti 15 tsayawa yake in an ɗauke wuta, kwana biyu sai ka ga yana kunnawa tsakar dare. A sayi mai lambobi da ɗan batir a ciki, akwai na bolt 12 ma don haɗin Aliyu. A bazara a kunna daga La'asar zuwa ƙarfe 11, lokacin mutanen gida na nan kuma an kauce wa tsakar rana.

Malam_Ummaru:
Nura, ka manta da hasken ɗaki. Gari na waye ma kifi tun kahin ƙarhe 7, ko an kunna hitila ko ba a kunna ba. In ka kai shi 11, yini nai ya zama awa 16. Yinin garinmu tsakanin awa 11 da 13 shi ka tsayawa dut shekara. A kashe bayan Isha'i, ƙarhe 9, shi samu dare nai.

Nura_KifinAdo:
Na karɓa Baba, in ɗakin mai haske ne ƙarfe 9 ya fi. In kuwa ɗaki ne mai labule da ba a ɗagawa sai hantsi, 10 ma ba ta ɓaci ba.

Zainab_GawonNama:
To fitila tana gyara launi? Ana sayar da wata mai ɗan ruwan hoda, an ce tana sa kifi ja.

Nura_KifinAdo:
A ido kawai take ƙara jan, kin kashe ta kifi yana nan yadda yake. Ba ta cutarwa in ba ta yi yawa ba. Launi na gaskiya daga iri yake zuwa, sai abinci mai sinadarin launi irin sifirulina, wata gansakuka da ake sa wa a abincin kifi, da ƙananan jatan lande, sai haske mai tsari kamar yadda Malam Ummaru ya faɗa. 'Ya'yan kifin ma da launin tagulla suke farawa, yawanci cikin shekarar farko suke juyawa. Baƙi irin na Malam Sani sau da yawa yana komawa ruwan lemo in ya manyanta, ruwan ɗumi yana hanzarta haka, kuma babu fitilar da za ta dawo da baƙin. Amma in jan kifi ne ya fara baƙaƙen tabo a gefen wutsiya, a auna ruwan a ga ko akwai amoniya, gubar da kashin kifi ke bari, sau da yawa ƙunarta ce ke warkewa.

DanGulbi:
Maimakon rage fitila, a jefa kainuwa biyu ko uku. Tana yi wa kifi inuwa, tana shanye abin da gansakuka ke ci, kuma ga ta nan a fadamun Gulbin Rima kyauta.

Malama_Rabi:
Kainuwa tana aiki, amma ba daga gulbi zuwa tanki kai tsaye ba. Tana zuwa da matsattsaku, ƙwarin da ke maƙale wa kifi, da ƙananan katantanwa, waɗanda wasunsu ke ɗauke da cutar tsargiya. A wanke ta, a ajiye a bokiti daban mako biyu zuwa uku ana sauya ruwa ana dubawa. Kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa. Kuma kifin zinari zai cinye saiwarta, ita kuma ba ta son ɗigon murfi a ganyenta, ruɓewa take. Tsiron da ke tsira a hannun kifin zinari su ne anubiyas da Java fan, ganyensu da tauri kuma lumen 10 zuwa 20 ɗin nan ya ishe su. A ɗaure su a dutse da zare, in aka binne kututturen a tsakuwa mutuwa suke.

Kabiru_RunjinSambo:
Ba wanda ya ambaci doguwar farar fitila ta da. Mai tsawon ƙafa biyu wat 18 ce, mai tsawon ƙafa uku wat 30, haskenta yana bazuwa da kyau kuma akwai 6500K. Wanda yake da ita ba dole ya jefar ba. Aibinta uku: cok ɗinta, wato ɗan akwatin da ke daidaita mata wuta, yana zafi, a fitar da shi daga murfi, in wuta ta yi ƙasa sai ta yi ta ƙyaftawa ba ta kama ba, wannan yana firgita kifi, kuma haskenta yana raguwa, kusan duk shekara ake sauyawa. In ta fashe a kan tanki akwai sinadarin makuri a ciki, sai an fitar da kifi an zubar da ruwan duka.

Sani_Mabera:
Allah shi saka da alheri. Shi kuma koren da ke ciki yanzu, sabuwar fitila za ta kawar da shi?

Malama_Rabi:
Ba za ta kawar ba, kuma sauya ruwa kaɗai ma ba ya yi, kwana uku ya dawo. Ka hana shi haske gaba ɗaya na kwana 3 zuwa 4. Kewaye gilashin da kwali, kada ka lulluɓe da bargo a zafin nan, ka bar sama da ɗan sarari, famfon iska yana aiki dare da rana. Rage abinci sosai. Ranar da ka buɗe, sauya kashi 30 zuwa 50 na ruwan, ka zuƙe ƙasan tsakuwa, don gansakukar da ta mutu ruɓewa za ta yi ta ci iska. Soson matata a ruwan tankin da ka kwaso ake matse shi, ba a famfo ba. In ruwan famfo za ka zuba, sa maganin kashe kulorin. Daga nan fara da awa 6, ka ƙara awa ɗaya bayan mako biyu in ruwa ya tsaya garau, kana sauya kashi 30 duk mako. Akwai kuma fitilar UV, mai hasken nan na bayan shuɗi da ba ma gani, mai kashe koren, amma a cikin bututu rufaffe take aiki ruwa yana bi ta ciki. Tsirararta ba a sa wa a tanki, tana ƙona idon kifi da na mutum.

Injiniya_Bashar:
In ma'auni ya wuce digiri 30 ko bayan cire ƙwan, ɗaga murfin katako, sa raga, ka juya ƙaramar fanka ta riƙa shafar fuskar ruwa. Busasshiyar iskarmu tana sanyaya shi kamar yadda randa ke yi, digiri 2 zuwa 3 yakan sauka, sai dai kullum za ka cike abin da ya ƙafe. Wanda ya bar gilashi a ƙarƙashin fitila, ya riƙa gogewa duk mako. Ƙurar hunturu da farin gishirin da ruwan burtsatse ke bari suna tare haske, har mutum ya ɗauka fitila ce ta mutu. A cire gilashin a goge da ruwan khal ko lemun tsami, a ɗauraye.

DanGulbi:
Ragar za ta yi amfani da damina ma, lokacin da shinge ke bin haske. Kifin yana ci, amma in suka zubo da yawa fuka-fukan ne ke toshe matata.

Sani_Mabera:
Na zagaya kasuwa. Biyu na ishe: doguwa santimita 90, wat 18, 6500K, da adafta, amma ba lambar IP a jiki, sai fitilun tsakar gida wat 10, IP65, su ma 6500K.

Injiniya_Bashar:
Tunda za ka koma raga da fanka, tururi ba zai taru ba, amma fantsamar dutsen kumfa tana nan. Ni na tsakar gidan zan ɗauka, a rataye da sarƙa.

Aliyu_Sola:
Doguwar ta fi, bolt ɗinta ƙarami ne. Duba jikin adaftar ka gaya mana ko 12 aka rubuta ko 24. In 12 ce za ta hau batir, sai a sa siririn gilashi a ƙarƙashinta daidai faɗinta, a matsar da dutsen kumfa zuwa ɗaya kusurwar.